Kwana Tara

Ranar da likita ya mayar da hoton hanta cikin ambulan
ya ce mu koma gida, saura addu'a,
Baba ya juya fuskarsa ga bango.
Babu kuka, babu ƙorafi.
Mutumin da ke shinshina fatar jar akuya
ya ce maka ta Tibiri ce ko ta Dakoro,
jikarsa ta yi sallama sau uku, bai amsa ba.

Ciwon jiki mun san sunansa: daji.
Na biyun ne ya shigo gidanmu ba suna.
Baffa Nomau ya ce ƙarancin tawakkali ne.
Na dubi goshin Baba,
tabon sujadar shekara sittin,
na haɗiye maganata.

Wata biyu fura na kwana a ƙwarya.
Rediyo ya mutu a gefen katifa, ba wanda ya nemi batir.

Likita Sahabi ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ce:
"Akwai ruwan da muke sa wa mai tiyata,
ketamin.
Ɗan kaɗan, wanda bai kai na barci ba,
wani sa'in yakan ɗaga dutsen da ke kan ƙirji.
Ba ya taɓa dajin. Kada ku ji abin da ban faɗa ba.
Wani ya yi masa, wani bai yi ba.
In ma ya yi, aro ne."

Baffa ya miƙe tsaye:
"Maye za ku sa shi, ya tarbi mala'ika a buge?"
Sai murya ta fito daga jikin bango,
busasshiya kamar kirgin da ba a jeme ba:
"Ku sa."

Minti arba'in a gadon asibiti, ɗigo bayan ɗigo.
Ƙwayar idonsa na rawa.
Ya damƙe wuyan hannuna, ya ce gadon ya tashi,
Gulbi ya kawo ruwa, yana tafiya da shi,
ya ce ƙafafunsa na can wajen Jiratawa.
Ya yi amai.
Na ce a zuci: Baffa ya yi gaskiya, mun ci amanar tsoho.

Washegari da hantsi ina shara na ji:
"Sahiya! Wa ya dama furar nan ba citta?"
Na ajiye tsintsiya,
na zaga bayan madafa, na toshe baki da zane.

Kwana tara aka ara mana.
Ya sa an ɗauko littafin bashi daga ƙasan adaka,
ya soke sunan Ɗan Baturi da hannunsa,
ya aika jika takwas ga matar wani mahauci a Bagalam
da mu ba mu taɓa jin labarinta ba.
Ya nuna wa Lawali yadda ake jiƙa bagaruwa.
Ya yi wa Baffa tsiyar wata akuya da ya saya da tsada
tun muna cikin zanen goyo.
Baffa ya yi dariya, har ya fita waje yana share ido.

Zafin na nan. Dare na nan da tsawonsa.
Na tambaye shi ko tsoron ya tafi.
Ya ce: "Bai tafi ba.
Matsawa ya yi, ya ba ni gefen tabarma."

Rana ta goma bango ya soma kiransa.
Muna lissafin kuɗin zuwa na biyu,
jiki bai jira lissafi ba.

Talata, kafin la'asar,
shi ya riga mu kalmar shahada.
Muka juya shi gabas.
A ɗakin Baba, gabas nan ne ƙofa.