Hannu da Hannu

Ranar da na fara aiki Metir Kane ya zaunar da ni:
"Tsahiru, takardar shari'a ba wasiƙar gaisuwa ba ce.
Ba a cilla ta ta kan katanga,
ba a ba yaro mai tallan ƙuli ya miƙa.
Ka ga mutum ido da ido,
ka kira sunansa da na ubansa,
ka sa a hannunsa, ka rubuta rana da ƙarfe nawa.
In ya ƙi karɓa, ƙin ma ka rubuta.
Kada ka buga ƙofa gari bai waye ba,
kada ka je bayan sawu ya ɗauke."

Sati uku ke nan ina bin Badamasi Arzika,
wanda ya ci bashin aya buhu arba'in.
Ban san fuskarsa ba, sunansa kawai nake goyo
cikin jakar leda a bayan babur.
A Bagalam murya ta fito daga bayan labule:
"Ya tahi Ɗan Isa tun jijjihi."
A tasha aka nuna mini benci,
wai yanzu ya tashi, ga shayinsa bai huce ba.
Maƙwabcinsa tela na ce ko zai karɓa ya sa hannu,
ya ɓoye hannuwan biyu ƙarƙashin keken ɗinki
kamar wuta na miƙo masa.

Yau Talata, rana tsaka,
ina kwana a mahaɗar da ke bin hanyar babbar kasuwa
sai usur.
Sau ɗaya tak.
Asiransi ya mutu tun watan jiya, na sani, ya sani.
Ɗan sandan ya jingina littafinsa a kan tankina,
ya rubuta, ya yage, ya ba ni.
Na tsaya ina kallon 'yar takardar nan da hassada:
ba ta san unguwa ba, ba ta san sallama ba,
ba ta taɓa jin "ba ya nan" ba.
Ita mai ita ne ke kawo kansa,
tawa kuwa ta cinye mini tayar baya.

Na tura babur gindin bedi
inda waɗanda usur ya tsinto suke jiran hukunci.
Wani dogo mai hula a karkace
yana rantsuwa fitilarsa da safe tana ci.
Ɗan sandan ya ɗaga permi sama, ya karanta da ƙarfi:
"Badamasi Arzika!"
Dogon ya ce, "Na'am."

Na'am ɗin nan da na yi sati uku ina farauta.

Na zuge jaka a hankali, kamar mai kama fara.
Na kira sunansa da na ubansa.
Ya dubi tambarin, ya dubi ta tara a hannun dama,
ya ce, "Malam, hannuna a cike yake."
Na ce, "Allah ya ba ka na hagu."
Sai da masu kabu-kabu suka gama dariya
sannan ya karɓi biro.
Ƙarfe ɗaya saura kwata, na rubuta,
wuri: gindin bedi, gefen kwalta.

Shi ya biya tararsa, ni aljihuna iska.
Babur ya kwana a hannun hukuma.
Badamasi ya tada mota, ya leƙo ta taga:
"Hau mana, ai ba kai ka kai ni ƙara ba."
Na koma ofis zaune a kan buhunan aya,
ban tambaya ko na wa ne ba.

Metir ya duba sa hannu, ya ce aiki ya yi kyau.
Na tura masa ɗaya takardar a kan tebur.
Ya turo mini ita da ɗan yatsa:
"Wannan ai ta riga ta sami mai ita."