Bindiga Biyu a Kantin Orval

Kuɗin 'yan raguna ashirin ne a aljihuna
ranar da na shiga kantin Orval Brandvold,
a wani gari mai titi ɗaya a Wyoming,
iska na bugun ƙofa kamar mai bin bashi.

Ya shimfiɗa su biyu a kan gilashi.
Ta hagu dala ɗari shida,
ƙotarta baƙar roba, ba ta da abin faɗi.
Ta dama dubu uku da ɗari huɗu:
katako mai ruwan zuma,
an zana barewa a kumatunta,
sunan maƙeranta kuwa
sai ka gyara murya kafin ka ambata.

Na ɗauke ta. Ba zan yi ƙarya ba,
ta kwanta a kafaɗata kamar ta san ni.
Kunamarta ba ta gardama,
taɓawa kaɗan, ta ce ƙyas.
Orval ya ce, "Araha ba ta ado, Maite.
Wannan har jikokinki za su gada."
Na ce, "Kyarkeci ya iya karanta suna?"
Ya yi dariya har tabaraunsa ya zame.

Amma na tuna daren nan na Fabrairu
da bindigar babana ta cije.
Sanyi ya daskarar da man cikinta,
yana ja, tana ƙi,
yana zagi da yaren kakanninsa,
kyarketai uku na tsakiyar garke.
Da gari ya waye mun ƙirga goma sha ɗaya,
ja a kan farar ƙanƙara.
Wanda ya sayi rariya
ya san za ta zubar da ruwa.
Baba bai ce uffan ba, ya ɗauki shebur.

Na kuma tuna likitan haƙorin nan
da ke zuwa daga Denver duk kaka,
bindigarsa ta fi motata kuɗi.
Sau huɗu ya harbi barewa guda,
sau huɗu ya ji wa dutse ciwo.

Na ce, "Orval, tsakaninka da Allah,
a taku ɗari biyu, me ya raba su?"
Ya sosa gemu, ya ɗaga yatsu biyu,
tazarar ba ta kai faɗin maɓalli ba.
"Sai kuma santsi," ya ce, "da daɗin riƙo,
da kallon da maza za su yi miki a filin gwaji.
Ta babanki ba araha ce ta ci amanarsa ba.
Shekara tara bai goge ta ba."

Maganar ta soke ni,
don ni ma na san inda tsumman yake,
ƙura ta cinye shi a bayan murhu.

Ta taga na hango Iker a mota,
shekararsa bakwai,
ya manna hanci a gilashi yana zana doki da hucinsa.
Makon jiya na same shi bisa kujera,
ya yi ɗage, hannu a saman kabad,
yana laluben abin da kakansa ya bari.

Na tura ta zuma gefe a hankali,
kamar mai ba wa baƙo haƙuri.
Na ce, "Ba ni ta hagu.
Ba ni man da ba ya daskarewa,
harsashin da zai ishe ni koyon hannunta,
da wancan akwatin ƙarfen mai makulli biyu."
Saura ya tafi ga ciyawar hunturu.

Mu uku muka ciccibi akwatin zuwa mota.
Da na koma ɗaukar rasit
na tarar da Orval da farin ƙyalle
yana share sawun yatsuna daga katakon.
Har yau, in na wuce, nakan leƙa.
Tana nan.