Ƙyalesu

Cikin kwali Sabi'u ya kawo shi daga Mirya,
ɗaure a bayan kabu-kabu:
ɗan kwikwiyo ja, kunne guda a karye,
ciki kamar an kife ƙwarya.
Na ce, kare a majema?
Ai kura ka ba ajiyar nama.
Ya ce, Baba, ungulaye sun fi ka ido yanzu.
Gaskiya ce. Ban so ta ba.

Daren fari ya ci gefen fatar akuya
wadda ta sha bagaruwa kwana uku,
ta dukawan Birni, har sun ba da jikka biyu.
Na ɗauko tsumagiya.
Ya kwanta, ya ba ni ciki,
ya yi ɗan fitsarin tsoro bisa takalmina.
Sai na ga hannun ubana a wannan filin,
da yadda na iya jima da wuri
amma ban iya zama kusa da shi ba har ya rasu.
Na aje tsumagiyar kan dutse.
Gara ce ta cinye ta.

Na koma ƙanzo cikin aljihu.
Zauna, in ce, in danna masa gindi ƙasa.
Ya zauna, ƙanzo. Ya miƙe, babu.
Kwana tara ya gane,
ko kuwa kwana tara ya ga dama.

Na ja masa layi da toka:
nan tabarmar salla, nan buta, nan randa,
can kaskonka.
Ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne,
bido guda tun asuba ake bin layinsa,
ranar da ya sa baki a buta
sau bakwai na wanke ta, ina ƙunƙuni,
shi kuwa yana kaɗa wutsiya kamar an yaba masa.

Sunan ma ya ja mini magana.
In na ƙwala, Ƙyalesu!
sai Habsu mai ƙosai ta leƙo ta kan katanga:
Da wa kake, tsoho? In da magana fito fili.
Na ce da kare nake.
Ta ce haka kowa ke cewa.

Wadda ta fi wuya ita ce: bari.
In yanki guntun ƙirgi, in aje gaban hancinsa,
in ce bari, in soma ƙidaya.
Ɗaya, biyu, ya hamɗame.
Wani mako muka kai bakwai.
Yawu na zuba, ƙafa na rawa,
ido a kaina, ido a kan ƙirgi.
Ran da muka kai arba'in
ni na gaji da ƙidaya, ba shi ba.

Sai ranar jana'izar Ɗan Tawai.
Na tafi Garin Malam, na mance shanya,
fata goma sha biyu bisa duwatsu,
ga hadari ya haɗo daga gabas.
Na dawo da sassarfa, gwiwa na ƙara,
ina lissafin asara tun daga Kasuwar Dole.

Ungulaye huɗu jere kan katanga.
Shi yana tsakiya, murya ta dushe don haushi,
kwance bisa wadda iska ta yar ƙasa,
ya danne ta da ƙirji.
Na juya ta, na duba ciki da baya.
Sawun ƙafa dai, da gashi.
Ba haƙori.

Ban san abin da ake ce wa kare ba a irin wannan.
Na zazzage aljihu duka.

Kada in yi masa ƙarya:
har yau yana bin jakai da haushi,
kuma duk Juma'a sai ya ɗauke ƙosai guda
in Habsu ta juya baya.
Dala biyar nake biya.
Ta karɓa, ta dube shi, ta dube ni,
ta ce, wanne ke horon wanne?
Na buɗe baki.
Na ce wa kaina, bari.