Warin Asibiti

Kafin ladan ya gama kiran assalatu
na riga na tsaya a bakin tafkin,
raga a hannu, ina tsince abin da dare ya zubar:
busasshen ganye, fiffiken fara,
takalmin yaro wari guda da ya kwana yana yawo.

Tafkin Abu Fawwaz ne, a Ubhur, arewa da Jidda.
Taku ashirin tsawonsa, na sha aunawa.
Shekara tara ina masa hidima,
bai taɓa wuce gwiwata ba.

Sai in ɗebi kaɗan a 'yar kwalba,
in ɗiga magani, ɗaya, biyu, har biyar,
in girgiza, in ɗaga wa gabas.
In ya yi ɗorawa-ɗorawa, lafiya lau.
In ya fito fari fat, kulorin ya gudu,
rana ta lashe shi jiya,
ko yara sun yi abin da yara kan yi a ruwa
su fito suna dariya.

Ruwa maƙaryaci ne.
Garai-garai zai dube ka, har ka ƙirga tayil ɗin ƙasa,
alhali cikinsa kasuwa ce ke ci
ta abin da ido ba ya kamawa.

Masu gidan sun bar gari tun farkon zafi.
Ba mai shiga. Duk da haka ina zubawa,
don kwana uku na sakaci
gansakuka za ta shimfiɗa tabarmarta.

Ina durƙushe haka wayata ta motsa.
Tasalla ce, daga Gadarif,
muryarta na zuwa guntu-guntu:

"Yaya Tanimu, damina ta sauka da nauyi.
Masai ya cika ya gaisa da rijiya.
An ɗauke uku a layinmu zuwa tanti,
har da ƙaramin ɗan mai amalanken ruwa.
Ma'aikatan lafiya sun raba mana ƙwaya,
amma Inna ta ture kofi,
wai ruwan warin asibiti yake.
Kai da ka san ruwa, yi mata magana."

Na ajiye kwalbar a kan dakali.
Hannuna ma warin yake, ya ƙi fita ko da sabulu.

Na ce, Inna,
warin nan shi nake farauta kowace asuba,
shi ne riyal ɗin da ke iso miki ƙarshen wata.
Nan bokiti-bokiti ake sayensa
don fatar 'ya'yan mutane kawai,
ke kuwa cikinki ake roƙo.
Toshe hanci ki sha, yadda kika toshe mini nawa
ranar da kika ɗura mini sabara.

Tasalla, tace shi da farin ƙyalle tukuna.
Ƙwaya ɗaya a jarka, yadda suka faɗa miki,
kada tausayi ya sa ki raba ta biyu.
Rufe bakin. Ba shi rabin sa'a,
ki tsince shinkafarki, shi yana nasa yaƙin.
Kada kowa ya tsoma moɗa. A tsiyaya.

Na tura. Saƙon ya tsaya a hanya.

Injin tace ruwa na ta gurnani a ɗakinsa.
Na zauna ina lissafin banza:
jarka nawa ke kwance a gabana,
shuɗiya, tsarkakakkiya, ba mai ko wanke fuska,
ga teku tsakanina da randar gidanmu.
Kurciya ta sauka a gefe, ta kurɓa, ta tashi.

Azahar ta wuce. Na goge bango, na share mataki.
Na duba waya sau nawa, ban ƙirga ba.

Sai bayan la'asar ta motsa.
Daƙiƙa bakwai ne duka.
Ƙarar kofi a bakin jarka,
maƙogwaro na haɗiya, sau uku,
sannan Inna, can nesa da wayar:
"Ki gaya masa har yanzu yana wari."