Noti Huɗu a Aljihu

Da rana a Panteka nake kwance inji,
da dare Malama Kande ke kwance min Turanci
a ajin manya na Unguwar Sanusi,
kan bencin da ya yi wa gwiwata kaɗan.

Ta rubuta do not a allo,
ta goge wasali ɗaya da ɗan yatsa,
ta rataya 'yar ƙugiya a gurbinsa.
Na ce, Malama, wa ya sace harafin?
Ta ce, baki ne ke gaggawa.
Kai in ka ce bai zo ba,
ina ka kai ya ɗin?
Na yi tsit.
Ashe tun ina goye nake wannan sata.

Ranar Talata mai Fijo daga Barnawa
ya leƙo ƙarƙashin mota:
You haven't finished?
Na ce yes.
Gaskiyata ke nan: e, ban gama ba.
Na zaga yin alwala, ya karɓi makulli.
Ko Kasuwar Barci bai kai ba taya ta yi gabanta,
noti huɗu na cikin aljihuna.

Malama ta yi dariya har da hawaye:
a can, in ba ka yi ba, no za ka ce,
ko kun yi daidai da mai tambaya.

Mu ba ɗinmu biyu ne,
ɗaya ya buɗe, ɗaya ya rufe.
Nasu guda ne tak, shi ma sun gutsure shi.

Yanzu in aka tambaye ni da Turanci,
sai na laluba aljihu tukuna.