Kujera Ta Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin ina faci a bakin titin Nima,
na san tayar kowa, ba ni da tayar kaina.
Motar da na taɓa mallaka
ta gwangwani ce, da zare nake jan ta.

Ran Lahadi na ƙirga sidi ɗari da hamsin,
Narte ya rubuta ni a littafinsa:
Inusa, kujera ta goma sha ɗaya,
ka zo da ruwa, da takalmin da ke riƙe dutse.

Mun bar Akra ana sallame Asuba.
Hajiya Zuwera ta hau da kular wake da shinkafa a cinya,
ta ce yunwa ba ta san yawon buɗe ido ba.
Ga 'yan makaranta uku da waya a hannu,
ga wani tsoho mai sanda
da bai ce uffan ba har muka wuce Tema.
Kunnena na kan tayar baya ta hagu.
Iskarta ta yi ƙasa. Na ja bakina,
yau ni fasinja ne.

Babana daga Azbin ya gangaro,
rabi a raƙumi, rabi a bayan lori,
ya cika a ɗaki ɗaya a Mamobi
yana ba mu labarin wani kwazazzabo cikin hamada:
bango biyu na jan dutse,
sama ta ƙanƙance ta koma zare,
in ka yi sallama dutse ya amsa sau uku.
Muna yara, mukan yi barci kafin amsa ta biyu.

Duwatsun Shai ba hamada ba ne, na sani.
Ciyawa ce har ƙugu, kuka can, kuka nan,
birai zaune a bakin ƙofa kamar masu karɓar haraji.
Ɗaya ya karɓi nasa, ayabar Hajiya,
bai ba da rasit ba.

Narte na gaba da usur a wuya.
"Minti arba'in a nan, kada kowa ya yi nisa."
Wa ya taɓa ba dutse minti arba'in?
Mai mota yakan tsaya inda ransa ya tsaya,
mu sai inda usur ya ce.
Zanen aro ba ya rufe katara.

Ya nuna mana ramukan niƙa a jikin fa,
ya ce kakarsa ta kaka a nan ta niƙa gero.
Na sa tafina a ciki. Da ɗumi.

Sai muka iso tsagin.
Duwatsu biyu sun haɗa kafaɗa,
mutum ɗaya ɗaya, a karkace, ciki a shafe.
Warin jemage, sanyi kamar bakin randa.
Na ɗaga kai.
Zare, wallahi. Shuɗin zare.

Na ce, assalamu alaikum.
Dutse bai tanka ba.
Jemagu suka motsa a duhu kamar ana kakkaɓe tabarma.
Can daga bayana, a hankali,
tsohon nan mai sanda ya ce, wa alaikumus salam.
Sau ɗaya. Na karɓa.

Usur.

A hanyar dawowa, ba mu yi nisa ba,
tayar baya ta hagu ta cika alkawari.
Direba ya dafe kai, Narte ya dubi agogo,
Hajiya ta buɗe kula.
Na naɗe hannun rigata ta Juma'a
na ce a miƙo jak.

Aikin minti goma ne, ko yarona Mumuni ya sani.
Amma na tsuguna ta inda zan fuskanci duwatsun,
rana na sauka a kansu tana mai da su ja,
ja irin wanda Baba yake faɗa,
na riƙa kwance noti ɗaya bayan ɗaya,
ina hura ƙura, ina gogewa da gefen riga,
Narte na tambaya, saura nawa?
Ina cewa, saura kaɗan.