Shafi na Tara

A Wad Madani, bayan la'asar,
mu biyar a ƙarƙashin rumfa, jabana tana huci,
takarda na yawo daga hannu zuwa hannu.
Tarihin Barmo Jibrin muke haɗawa,
shekara guda da rufe shi.

Wa bai san Barmo ba?
Shekara talatin yana bin jarida da jan biro,
yana kasa kunne ga rediyo kamar mai dakon ɓarawo.
In an ce mutum dubu sun taru, sai ya je ya ƙirga kujeru.
In an ce “majiya mai tushe”,
sai ya ce a tono masa saiwar.

Shafi takwas muka wuce lafiya:
haihuwarsa a Mai Wurno, tallan gyaɗa a tashar jirgin ƙasa,
daren da ya kwana a caji ofis saboda layi uku.
A na tara alƙalami ya cije.

Shekarar da ruwa ya yanke a magudanan Jazira,
wata 'yar rahoto, Sakina Ɗan'iya,
ta rubuta cewa faddan ɗari huɗu na auduga sun bushe a tsaye.
Barmo ya ce a ɗaki ta ƙago.
Aka sallame ta.
Da kaka ta yi, buhuna suka ba ta gaskiya.
Shi kuwa bai taɓa janyewa ba.

Hajja Tasalla, ƙanwarsa, ta dafe shafin da tafi:
“Na ƙasa ba ya amsawa.
Ku rufa masa, Allah ya rufa muku.”
Ilyasu, ɗalibinsa, ya ce hassada ce kawai,
icen da ke da 'ya'ya ake jifa.
Mahjub kuwa, da Barmo ya taɓa kwance wa zani
a kan labaran ƙarfe uku,
tun daga gida ya taho da kalmarsa a aljihu:
azzalumi.
Tsoho Sambo na ta juya sukari, bai ce uffan ba.

Ni ke riƙe da biron.
Na soke “gwarzo” a shafin farko, Ilyasu ya haɗe rai.
Na soke “azzalumi”, Mahjub ya fara neman takalminsa.
Na ce ku zauna.
Mu sa ranar. Mu sa abin da ya faɗa, yadda ya faɗe shi.
Mu sa abin da ta rubuta, da adadin buhun,
da wanda ya ce, da inda ya ce.
Kada shafin ya haɗiye littafin,
kada kuma mu tura shi gindin takarda da ƙananan baƙaƙe
inda sai mai tabarau.
Mai karatu da idonsa zai zo.

Ba ƙinsa nake ba.
Shi ya biya kuɗin asibiti ranar da zazzaɓi ya kada ɗana,
bai kuma taɓa tuna min ba.
Hannuna ya yi rawa, tawada ta ɗiga.
Amma mutumin da ya ƙare ransa yana goge wa labari kwalliya,
yau mu za mu rangaɗa masa tozali?

Muka aika wa Sakina shafin a Sinnar,
inda take riƙe lissafin wani kantin magani.
Sati biyu, direban bas ya dawo da shi a ninke,
yana warin fetur.
Gyara ɗaya ta yi, da ja:
ɗari huɗu da goma sha biyu.
A ƙasa kuma, da fensir:
“Kun manta, shi ya koya min ƙirga.”

Tasalla ta share ido da gefen mayafi, ta ce a sa wannan.
Ilyasu ya ce a sa shi a bango ma.
Mahjub ya ajiye finjali.
“Wa ya gani?” ya ce. “Yaushe, a ina?”
Muka yi shiru, don mun gane muryar.

Jabana ta huce.
Sambo ya daina juya cokali,
ya ce a ba shi zuwa Laraba,
akwai wani tsohon akwati da zai duba.